Ƙaura Daga New Bell Zuwa Bayan Gari: A Nemi Takarda Kafin A Biya Kuɗi

Duk wanda ke zama a majalisun Kassalafam, ko a ƙofar babban masallacin New Bell bayan sallar La'asar, ya san cewa a 'yan shekarun nan akwai hirar da ta danne sauran hirarraki, wato hirar fili da gida a bayan gari. Wane ya sayi fili a PK 14, wane ya tare a Yassa, 'ya'yan marigayi wane sun sayar da gidan gado sun watse, wasu Logbessou wasu Bonabéri. Mu ma a gidan rediyo, da wuya a buɗe layi ga masu sauraro a kan zaman unguwa ba a sami mai kawo wannan batu ba, kuma sau da yawa kuka yake kawowa. Wannan ya sa muka ga ya dace mu bayyana ra'ayinmu a wannan shafi, ko Allah zai sa wani ya tsira da guminsa.

Tun farko, ba ma cikin masu ganin cewa wanda ya bar New Bell ya ci amanar unguwar kakanninsa. Gidan da aka gina domin mutum 10 yau mutum 40 ke kwana a cikinsa. Maigida ya rasu ya bar mata da 'ya'ya masu yawa, gidan ba ya rabuwa, ga kuma mai kuɗi a tsaye yana son ya rushe ya gina shaguna da ɗakunan ajiyar kaya, saboda kusancin wurin da babbar kasuwa da kasuwar Congo. Ga kwatoci da ke cika su shigo ɗaki duk damina. Ga tsoron wuta a tsakanin gidajen karabot da ke manne da juna, kuma wanda ya ga gobarar kasuwar Congo ta 2012 da ta 2019 ba ya buƙatar a yi masa bayani. Saboda haka magidancin da ya nemi inda 'ya'yansa za su miƙe ƙafa bai yi laifi ba. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake sayen.

Ko shakka babu bayan garin Duwala ya sauya. Ƙidayar 2005 ta nuna birnin yana da mutum kusan miliyan 2, yau kuwa ya haura miliyan 3, kuma dukkan wannan ƙari gefe-gefe yake malala. Yassa, wadda a da matafiyi zuwa Yawunde ke ɗauka a matsayin ƙarshen gari, ta sami babban asibitin mata da yara a 2015. Japoma ta sami filin wasa mai ɗaukar mutum 50,000, inda aka buga wasannin cin kofin nahiyar Afirka a farkon 2022. Jami'ar Duwala ta kai wasu sassanta PK 17. Gada ta biyu a kan kogin Wouri, wadda aka kammala a 2018, ta ƙara jawo Bonabéri kusa da tsakiyar gari. Duk inda kwalta ko babban gini ya isa, farashin ƙasa tashi yake yi, kuma duk inda farashi ya tashi, sai ka ga gonar rogon da ba wanda ya kula da ita shekara 30 ta sami masu ita har uku. A irin wannan kasuwa ce 'yan'uwanmu ke shiga da kuɗin gado a aljihu, da dillali a gaba.

Ya kamata mu tuna yadda New Bell ɗin kanta ta samo asali, domin akwai darasi a ciki. A 1910 Jamusawa suka fito da shirin karɓe filayen bakin kogi daga hannun 'yan ƙabilar Duwala domin su keɓe wa Turawa, su tura baƙar fata can baya, a bar tazarar kilomita 1 a tsakani. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, har ya kai ƙara majalisar Jamus, daga ƙarshe aka rataye shi tare da sakatarensa Ngosso Din ranar 8 ga Agusta, 1914. Mafi yawan masu ƙasa ba su so zama a wurin da aka tura su ba, sai baƙi suka cika shi: Hausawa da Bamileke da Bassa da Ewondo da mutanen yammacin Afirka. Ke nan New Bell ita ce bayan garin wancan zamani. Kakanninmu da suka zo da fataucin goro da shanu da tufafi sun sami wurin zama ne da magana ta fatar baki da shaidar dattawa, kuma a lokacinsu hakan ya wadatar. Amma jikokinsu ne ke biyan bashin a yau, domin gidaje da dama a unguwar har yanzu ba su da cikakkiyar takardar mallaka, shi ya sa idan an tashi sayarwa mai saye ke karya farashi, idan kuma hukuma ta tashi faɗaɗa titi ko gyaran kwata, mai gida ba ya da ƙarfin tsayawa neman diyyar ƙasa. Abin takaici shi ne wannan zama na rashin takarda muke ɗauka a ka muna kai wa PK da Yassa da Bojongo.

Dokar ƙasar nan a kan wannan batu ba ɓoyayya ba ce. Doka ta tanadi cewa takardar da ake kira titre foncier, wadda mu muka fi sani da titir, ita ce shaidar mallakar ƙasa a hukumance. Sashe na 8 na dokar filaye mai lamba 74-1 ta ranar 6 ga Yuli, 1974 ya ce duk cinikin fili ko gida da ba a rubuta shi a gaban noter ba, ɓatacce ne. Ya ƙara da cewa sayar da filin da ba shi da titir da sunan mai sayarwa shi ma ɓatacce ne. To mai karatu ya duba abin da ke cikin akwatin mafi yawanmu: takardar ciniki da aka rubuta da hannu, shaidu biyu, sa hannun mai unguwa, wani lokaci da hatimin wani ofishi. Irin wannan takarda tana iya nuna cewa ka ba wane kuɗi ranar kaza, amma ba ta mayar da kai mai ƙasa. Wasu kuma suna saye da niyyar cewa daga baya za su nemi titir da kansu, ba su san cewa hanyar neman titir kai tsaye an tanade ta ne ga waɗanda suka zauna ko suka raya wurin kafin 5 ga Agusta, 1974 ba. Wanda ya sayi daji bara ba ya cikin wannan sahu, hanyarsa ta fi tsawo da tsada, wani lokaci ma a rufe take.

Mun ga abin da hakan ke haifarwa. A 2014 aka kai motocin rusau unguwar Nkomba da ke Bonabéri, aka baje gidajen mutanen da suka shekara da shekaru a wurin, bisa dalilin cewa filin na hukumar MAGZI ne mai kula da yankunan masana'antu. Ban da irin wannan babban rusau da jaridu ke ɗauka, akwai ƙananan da ba wanda ke ji sai maƙwabta: mutum ya kai gini linta, sai a wayi gari an rubuta masa jan fenti a bango, ko wani ya bayyana da takardar kotu yana cewa wanda ya sayar ɗaya ne kawai daga cikin magada 12, sauran ba su sani ba. Idan aka nemi dillali, wayarsa a kashe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, ga gidan New Bell an riga an sayar, an raba kuɗin, kowa ya ci nasa.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta. Za a ce fili mai titir ya fi ƙarfin talaka, wanda ya ce sai shi, zai mutu a gidan haya. Za a kuma ce ita kanta titir ɗin ba ta hana komai, tunda ana samun biyu a kan fili ɗaya, ana buga ta jabu, ma'aikatar filaye kan soke wadda ta bayar da hannunta. Har ma za a kawo misalin Dikolo da ke Bali, inda a watan Mayu na 2022 aka rushe gidajen iyalai 'yan asalin gari domin gina babban otal, alhali wasunsu na riƙe da takardunsu. Duk wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai a ƙarasa labarin Dikolo: a 2023 kotun da ke shari'a tsakanin jama'a da hukuma a jihar Littoral ta soke takardar da aka dogara da ita wajen karɓe filin. Mutanen sun sami bakin magana a gaban alƙali ne saboda suna da hujjar da za su ajiye a kan tebur. Wanda ke riƙe da takardar hannu kuwa, tun a ƙofar kotu lauya zai gaya masa cewa cinikinsa doka ba ta san da shi ba. Batun tsada kuma, masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Gara murabba'in mita 200 da ke da takarda a wuri mai ɗan nisa, da mita 500 a bakin kwalta wanda kullum ka ji ƙarar babbar mota sai gabanka ya faɗi.

To me ya kamata mai saye ya yi? Da farko ya karɓi lambar titir daga hannun mai sayarwa, ya tafi da ƙafarsa ofishin ajiyar takardun filaye, wato Conservation foncière na yankin Wouri, ya nemi sabuwar takardar certificat de propriété. Ita ce za ta nuna sunan mai filin a yau, da ko an jinginar da shi ga banki, da ko akwai wata ƙara a kansa. Hoton titir da dillali ke yawo da shi a jaka ba hujja ba ne. Idan filin yanki ne daga cikin babban fili na iyali, kamar yadda aka fi samu a ƙasar Bassa da Bakoko, to sai an yi abin da ake kira morcellement, mai awon ƙasa ya zo ya kafa duwatsun iyaka, a fitar maka da taka titir da sunanka. Idan mai sunan da ke kan takardar ya rasu, a nemi hukuncin kotu da ya tantance magada, a kuma tabbatar da amincewarsu duka. A je ofishin magajin gari a nemi certificat d'urbanisme, domin a san ko titi ko kwata ko babban layin wuta zai ratsa wurin. Bayan duk wannan, kuɗi a gaban noter ake biyan su. Mun san kuɗin noter da na rajista suna da nauyi, amma wanda ya iya tara miliyoyin sayen fili, bai kamata ya yi rowar abin da zai tsare masa miliyoyin ba.

Akwai wata magana ta musamman ga 'yan'uwanmu da suka zo daga Nijeriya da Nijar da Cadi, waɗanda ba su da takardar zama ɗan ƙasa. Doka ba ta hana baƙo mallakar gida a Duwala ba, amma ta ce cinikinsa sai ya sami sa hannun ministan filaye kafin ya inganta. Saboda gudun wannan zirga-zirga, wasu kan sayi gida da sunan aboki ko suruki ɗan ƙasa. Muddin su biyun suna raye amana na iya riƙewa. Ranar da ɗaya ya kwanta dama, 'ya'yan mai suna za su ce gidan ubansu ne, kuma takarda tana bayansu. Haka nan muna jan hankalin masu sayen gida da kuɗin gado a kan rabon mata da marayu. Idan an haɗa kuɗin 'yan'uwa an sayi wuri ɗaya, a rubuta sunan kowa da kasonsa, kada a ce babban wa ya wakilci kowa. Zumunci da yawa ya mutu a kan wannan.

Bayan takarda sai ƙasar kanta. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara yakan kusanci milimita 4,000, kuma mafi yawansa tsakanin Yuni da Oktoba yake zuba. Dillalai sun fi son kai mutum ganin fili a watan Janairu, lokacin da fadama ke kama da tudu. Wanda ke son sanin gaskiyar wuri ya je a watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa, ya duba bangon maƙwabta ya ga inda alamar ruwa ta tsaya. Ambaliyar 21 ga Agusta, 2020 ta nuna wa kowa unguwannin da aka gina a kan hanyar ruwa, kuma mazauna Makepe Missoke sun daɗe da sanin wannan. Dokar tsara birane ta 2004 ta hana gini a wuraren da ke fuskantar ambaliya ko zaizaya, don haka mai gida a irin wannan wuri yana tsakanin ruwa da motar rusau. A yankunan PK da Logbessou kuma akwai gangare da kwazazzabai masu cin ƙasa kowace damina. Wanda zai sayi ginannen gida, musamman bene, ya nemi takardar izinin gini, ya kuma kawo masanin gini nasa ya duba, kada sabon fenti ya rufe masa ido. Ba mu manta da benen da ya rufta a kusa da Mobil Guinness a watan Yuli na 2023 ba, inda mutum fiye da 30 suka rasu cikin dare.

Wani hanzari ba gudu ba, akwai lissafin da ba kasafai ake yi ba sai an tare. Gida ya koma PK, amma shago yana nan a babbar kasuwa, makarantar yara da Islamiyyarsu suna New Bell, haka ma asibitin da aka saba da dangin da ake kai wa ziyara. A ɗauka mutum ɗaya yana kashe sefa 1,000 a rana tsakanin bensikin da tasi, zuwa da dawowa. A kwana 26 ya kashe 26,000, a shekara 312,000. Idan mutum uku ne ke fita daga gidan kullum, abin ya kai 936,000, ban da sa'o'in da ake ɓatawa a cunkoson Ndokoti, ban da haɗarin babur da yara a kai. Sai kuma ruwa, domin unguwanni da dama na bayan gari famfo bai kai ba, dole a haƙa rijiyar burtsatse ko a riƙa saye. Sai jawo wutar lantarki, wani lokaci da sayen turaku daga aljihunka. Wanda ya haɗa waɗannan duka a kan kuɗin filin, shi ne ya san ainihin farashin gidansa.

Akwai kuma abin da ba a lissafa shi da sefa. A Kassalafam idan mace ta haihu ko aka yi rashi, kafin a ɗauki waya unguwa ta cika gidan. Tsohuwar da aka ɗauke daga nan aka kai ta bayan katanga a Yassa, inda ba ta jin harshen maƙwabta, ta sami ɗaki mai faɗi amma ta rasa abokan hira. Wannan ne ya sa muke ganin sayen ɗaiɗai ba shi ne mafita ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da adashi, muna da ƙungiyoyin mahauta da na masu sayar da tufafi da na direbobi, waɗanda ke tara kuɗi masu kauri domin biki da sallah. Me zai hana magidanta 20 ko 30 su haɗu su nemi babban fili mai titir, su ɗauki noter ɗaya da mai awo ɗaya, a yanka wa kowa nasa da sunansa, a ware wurin masallaci da makaranta da rijiya tun daga farko? Farashi zai sauko, kuɗin takardu zai ragu a kan kowa, kuma macuci zai yi shakkar tunkarar jama'a. Maƙwabtanmu Bamileke sun daɗe suna mallakar filaye da gidaje ta hanyar tontin ɗinsu, ba abin kunya ba ne mu koya. Haka kuma a riƙa leƙa hukumomin da aka kafa domin wannan aiki, irin su MAETUR, wadda tun 1977 take yanka filaye masu tituna da takardu, kuma ita ce ta tsara Bonamoussadi da Makepe da Kotto. Filayenta ba sa isar masu nema, amma tambaya ba ta cin kuɗi.

Idan an je kuma, a tuna cewa wuraren nan suna da masu su. Japoma da Yassa ƙasar Bakoko ce, yankunan PK ƙasar Bassa ce, Bonabéri tana da sarakunanta. Su ma suna kallon gonakin iyayensu suna komawa bulo, kuma ba kowa ke jin daɗin haka ba. Baƙon da ya gai da sarkin gari, ya shiga aikin gayyar gyaran hanya, ya yi shawara da maƙwabta kafin ya ɗaura lasifika, ya saya wa 'ya'yansa zaman lafiya. Sai dai gaisuwar sarki ba ta maye gurbin takardar hukuma, kowanne da wurinsa.

A ƙarshe muna kira ga sarakunanmu na Hausawa da masu unguwanni da su daina sa hannu a kan cinikin filin da ba su ga titir ɗinsa ba, domin sa hannunsu ne ke sa talaka ya saki jiki. Muna kira ga limamai da su taɓo wannan batu a wa'azi, musamman haƙƙin marayu a cikin kuɗin gidan gado. Muna kira ga 'ya'yanmu da suka karanta shari'a da aikin awon ƙasa da su ware ko da rana ɗaya a wata su zauna a unguwa su duba wa iyayensu takardu, tunda da yawa daga cikin masu sayen ba sa karanta Faransanci. Ita kuma ma'aikatar filaye, haƙƙinta ne ta rage tsawon lokaci da yawan ofisoshin da ake bi, ta kuma hukunta ma'aikacin da aka samu da hannu a fitar da takarda biyu a kan fili ɗaya, domin wahalar hanyar gaskiya ce ke tura mutane hannun 'yan damfara.

Ga magidancin da ke shirin sayarwa a New Bell kuwa, shawararmu ita ce kada ya saki gidan da yake ciki sai takardar sabon wurin ta tabbata a gaban noter. Kakanninmu sun bar mana unguwa da suna mai kyau, amma zamaninsu bai nuna masu muhimmancin takarda ba. Mu an nuna mana, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya ba kowa muhalli na halal, Ya kare mana dukiyar marayu, amin.